Ƙwaƙwalwar Motar da Shamsu Ya Kulle

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa mace mai baƙin mai a farce ba ta da bakin zaɓen miji. Na gode 'yar uwa, Allah ya bar miki farcenki fari tas.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Juwairiyya, a Rano aka haife ni, a nan nake zaune da Ummana, kuma wayarin mota na karanta a makarantar fasaha. Mahaifina Malam Sallau bakanike ne. Ya rasu ya bar gida da gona da wata tsohuwar Datsun ja mai ƙofa biyu, irin mai dogon hancin nan, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da aka zo rabon gado yayyena suka ce a kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli. Na ce a saka ta a kasona. Suka yi dariya har da ƙwalla, suka bar mini.

Tun daga nan garejin Baba da ke jikin gidanmu ya zama ɗakina na biyu. Na sauke injin, silinda shida a jere, na sa sabon ringi da fistin. Na yi ta sintiri kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano har masu shaguna suka haddace muryata, na samo tarbo mai ƙara wa inji ƙarfi, na samo nozul manya masu fesa mai, na sauya salansa da birki. Sai dai duk wannan wahala ta zo ta tsaya a kan wani ɗan akwati da bai fi faranti ba. Makanikai na ce masa burenbos, ni ƙwaƙwalwa nake ce masa. Shi ke yanke yawan man da zai shiga injin da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Na motata tsoho ne, abin da aka koya masa a kamfani kawai ya sani. Da na ɗora tarbo sai ya rikice. In ya ga dama ya ɗura mai har hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, Umma ta fito kwashe shanya tana faɗa. In ya ga dama ya hana, injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Dole a sauya ƙwaƙwalwa, kuma iri biyu ne a gabana. Akwai buɗaɗɗiya, wadda ake aiko maka allo da ƙananan kaya ka liƙa da dalma da hannunka, ka jona kwamfuta ka saita komai da kanka. Tana cin lokaci, in kuma ka yi kuskure kai za ka ƙona fistin ɗinka. Akwai kuma ta manya, mai kyan gida, a haɗe take zuwa, gwani ya zo ya saita maka ya tafi. Ni buɗaɗɗiyar na zaɓa, ba don burga ba. Man da muke samu a nan ba iri ɗaya ba ne kullum, yau na gidan mai, gobe na 'yan bumburutu a galan. In man ya yi rauni ina so in ja wutar baya kaɗan da hannuna, ba sai na kira wani a waya ina roƙo ba. Har na ci fiye da rabin liƙin allon lokacin da Shamsu ya sa baki.

Shamsuddeen ke nan, ɗan Kibiya, a Abuja yake aiki. Ranar da ya fara zuwa garejin ina kwance ƙarƙashin mota cikin tsohuwar rigar aikin Baba, takalmana kawai ya hango ya ce, Malam sannu da aiki. Da na zamo na fito sai ya rasa inda zai sa idonsa. Kada in ɓoye muku, ina son mutumin nan. Shi kaɗai ne cikin masu zuwa zance bai taɓa tambayata yaushe zan daina wasa da ƙarafa ba. Yakan zauna kan benci da shaddarsa mai tsada ya riƙe mini tocila, in na ce miƙo sifana goma sha biyu ya miƙo goma sha huɗu, mu yi ta dariya. Manya suka shiga magana, aka sa rana bayan kaka, aka ce lefe ranar Asabar ɗin nan da ta wuce.

Wata la'asar ya zo cikin shadda ruwan toka da hula zanna, ƙamshinsa ya riga shi shigowa zaure. Ya ajiye leda mai turare da atamfa, sai kuma wani kwali a naɗe. Na buɗe na ga ƙwaƙwalwar manya ce, sabuwa dal a ledarta. Ya ce ya gaji da ganin idona yana ja saboda hayaƙin dalma, ga wannan, abokinsa Khalid zai taso daga Abuja ya ɗora mini. Zuciyata ta ce, anya Juwaira? Amma ya za ki yi da toshin wanda za ki aura, ga shi yana kallonki kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa? Na karɓa na yi godiya. Umma ta juya kwalin sama da ƙasa ba ta gane komai ba, ta dai sa albarka, ta ce ko ba komai wannan yaro ya san inda ciwona yake. Allona na naɗe a tsohon ɗankwali na jefa ƙasan wadrof.

Khalid ya zo ya yi aikinsa, kuma tsakani da Allah ya iya. Motar ta tashi da murza ɗaya, ta zauna lafiya lau tana gurnani ƙasa-ƙasa, babu hayaƙi babu tari. Ya manna wani ɗan abu baƙi a ƙarƙashin dashbod, ya ce na auna gudu ne ta tauraron ɗan'adam tunda tsohuwar wayar maleji ba ta magana da sabuwar ƙwaƙwalwa. Da na ce ya ba ni lambar sirrin shiga saitin, sai ya yi murmushi ya ce ai haka suke kulle aikinsu don kada a kwafa, in ina son gyara in faɗa wa Shamsu kawai. Abin bai kwanta mini ba, amma Shamsu na gefe yana ta ɗaukar hoto, sai na bar maganar.

Sabon ringi sai an lallaɓa shi, don haka makonni na yi ina zagaya gari a hankali, daga kasuwa zuwa gida, 'yan adaidaita na yi mini fito. Ban taɓa matsa mata ba sai ranar da zan mayar da Gwaggo Jumai gida. Ƙanwar Baba ce, a Kibiya take aure, unguwa ɗaya da su Shamsu. Ta zo ganin gyaran ɗakin baƙi saboda masu kawo lefe. Ta shiga motar tana mitar kujera ta yi ƙasa kamar an zaunar da ita a tabarma, ta rungume ƙullin kuka da daddawa a cinya, ni kuma na ɗaure mayafina ruwan goro ta baya don kada ya dame ni.

Mun bar Rano, dawa ta yi kore shar hagu da dama, sai muka cim ma wata tifa ta yashi tana tafiya kamar ba ta so, tana watso mana tsakuwa a gilashi. Na leƙa. Akwai motar haya tana tahowa, amma da nisa sosai, kuma na san abin da na ɗora a injin nan. Na sauke giya, na taka totur, na fita. Kai, ku zo ku ji yadda ta amsa! Bayana ya manne da kujera, tarbo ya yi fito, na kai tsakiyar tifa cikin ƙiftawar ido.

Sai injin ya yanke.

Ba mutuwa ya yi ba, mai ne ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, motar tana tuntuɓe, allura ta kafe a kan tamanin ta ƙi gaba. Na taka har ƙasa, ko gezau. Ga tifa a damana tsawonta bai ƙare ba, ga motar haya ta cika gilashi tana walƙa fitila. Gwaggo ta saki salati. Ban san lokacin da na danna birki na karkata sitiyari na koma bayan tifar ba, har hancin motata ya kusa shiga ƙarƙashinta. Motar hayar ta wuce da ƙafa biyu a gefen titi, direban ya zuro hannu ya yi mini daƙuwa, kuma bai yi laifi ba.

Na gangara gefen wata gona na tsaya. Daddawar Gwaggo ta watse a ƙasan mota. Ina ƙoƙarin tuna abin da na haɗa ba daidai ba, famfon mai ne ko waya ce ta saki, sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Shamsu ne.

"Ranki ya daɗe, ina za ki da wannan gudun a hanyar garinmu? Tamanin ta ishe ki. Ki gaida Gwaggo." Har da ɗan hoton fuska mai dariya a ƙarshe.

Na karanta, na sake karantawa. Ban gaya masa zan fita ba. Ban gaya masa da wa nake ba, wannan dai ƙila a gida ya ji. Amma hanyar da nake kai da gudun da nake yi, wannan baƙin abin da ke ƙarƙashin dashbod ne ya kai masa har ofis. Kuma ba lalacewa motata ta yi ba, umarni ta bi, an kulle mata gudu a kan tamanin. Wallahi tsoron da na ji a bayan tifa bai kai ɓacin ran da ya taso mini a gefen gonar nan ba.

Na kai Gwaggo ƙofar gidanta da tafiyar kunkuru. A hanya na yi mata bayani, ina zaton wadda ta ga mutuwa da idonta za ta tsaya mini. Ina! Cewa ta yi Allah ya yi wa yaron nan albarka, da bai sa wa motar linzami ba da yanzu a Bauchi za a tsinto mu. Na ce Gwaggo, linzamin ne ya kusa kashe mu. Ta ce ita dai ba ta san wannan ba, ta san wanda ya taka.

A gida ma haka. Umma tana tankaɗe a tsakar gida, ta saurare ni har ƙarshe ba ta ɗago ba. Sannan ta fara, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Wai mata nawa ne ke kuka miji bai san inda suke ba bai kuma damu ba, ni na samu mai bibiyata ina ƙorafi. Wai lefe saura kwana kaɗan, an gaya wa dangi, an yi cincin an yi dubulan, kada in kuskura in ja mata abin faɗa a gari. Na ce ni ba kulawar nake ƙi ba, ɓoyewar nake ƙi. Da ya zauna ya ce Juwaira ina tsoron gudunki, da mun yi magana, ƙila ma da kaina zan sa iyakar, a inda na san ba za ta yanke ni a tsakiyar titi ba. Umma ta kaɗe rariya ta ce in je in jiƙa hannuna a ruwan lalle, wannan shi ne aikin da ke gabana.

Ban amsa saƙonsa ba. Ya kira ya kira, ya turo "Lafiya?", ya turo "Fushi ake da ni?", ya turo hoton akwatunan lefe a jere a falon mahaifiyarsa, masu ruwan zuma. Na kalli hoton na kife wayar, don sun yi kyau, kuma na ji haushin yadda suka burge ni.

Washegari da la'asar sai ga shi, ya taso tun daga Abuja. Na sa doguwar riga baƙa mara ado, ko hoda ban shafa ba, na same shi a zaure. Na zauna a ƙarshen tabarma na ba shi labarin tifa daga farko har ƙarshe. Fuskarsa ta sauya, ya yi ta innalillahi. Ya rantse bai taɓa kawo wannan a ransa ba, shi dai ya ga yadda idona ke ƙyalli in ana zancen gudu, tsoro ya kama shi, ya ce wa Khalid ya sa. Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Zuciyata ta fara sanyi, na ce a raina to shi ke nan, yanzu zai ce ga lambar.

Sai ya gyara zama ya ce, "To bari in kira Khalid ya ƙara miki zuwa ɗari."

Na dube shi.

"Ɗari da ashirin," in ji shi. "Amma daga nan ban ƙara ko ɗaya."

Jama'a, kamar muna cinikin akuya a kasuwar Rano. Na ce masa ba lamba nake nema a ƙara mini ba, lambar sirrin nake so, kuma a cire abin da ke kai masa rahotona.

"Juwaira, ni zan aure ki. In ban san inda kike ba, wa zai sani?"

"Ka tambaye ni mana. Na taɓa ɓoye maka?"

"Ba haka ba ne. Irin wannan abu a hannun miji ya kamata ya zauna."

"Injin nan da hannuna na haɗa shi, Shamsu. Kai ko sifana ba ka iya zaɓa ba."

Wannan ta yi masa zafi, na gani, kuma ban janye ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce in huce, ranar Asabar mata za su kawo kaya, bayan biki ma yi maganar a nutse a ɗakinmu. Ya tafi ya bar ƙamshinsa a zaure. Na zauna na yi kukana ni kaɗai, na share, na shiga gareji.

Cire ƙwaƙwalwar bai ɗauke ni komai ba. Na zare ta, na ɓamɓare baƙin abin, na goge su tas na mayar cikin kwalinsu har da ledar. Na ciro allona daga ƙasan wadrof na kunna ƙarfen liƙi. Yini guda da rabi ina kai, hayaƙin dalma na shiga idona, Umma na wucewa ta ƙofar gareji ba ta ko kallona. Wayata na gefe tana haske: "Motarki ta ɓace a wayata." Can kuma: "Juwaira me kika yi?" Na bar shi ya yi ta tambaya.

Kun san a al'ada ba yarinya ke mayar da kayan saurayi ba, manya ake ba su kai. Na kai wa Umma kwalin, ta ce ko da wasa kada in sake in ajiye shi a ɗakinta. Na kira Gwaggo, ta ce ita ba za ta iya haɗa ido da Hajiya Saudat, mahaifiyar Shamsu, da irin wannan aike ba, shekara da shekaru suna zaman mutunci. Na kira babban yayanmu, ya ce in bar shirme, ya kashe waya. To, tunda kowa ya naɗe hannu, ai ni nawa a sake yake.

Asabar da hantsi gidanmu ya cika da ƙamshin girki, an shimfiɗa sabuwar darduma a ɗakin baƙi, maƙwabta sun fara shigowa. Na sa atamfata shuɗiya da babban hijabi har ƙasa, na fita ta ƙofar gareji. Motar ta tashi a murzawa ta uku, tana tari tana kaɗuwa, don saitin farko ne kawai na zuba mata, ban gyara komai ba. Warin mai ya cika ciki. Haka na kama hanyar Kibiya da kwali a kujerar gefe, ban ko kai sittin ba, kuma babu wanda ya hana ni kaiwa.

Ban taɓa taka ƙofar gidansu ba. Wace budurwa ce ke zuwa gidan surukai kafin a kai ta? Da na karyo kwanar layin sai na ga farar bas a tsaye, but a buɗe, an gama jera akwatunan nan masu ruwan zuma, mata sun yi anko kore suna gyara ɗauri za su shiga. Ƙarar salansata ta sa duk suka waiwayo. Na kashe mota na fito da kwalina. Wata ta gane ni, ta dafe ƙirji, magana ta bi layi ƙasa-ƙasa har ta shiga cikin gida.

Hajiya Saudat ta fito da carbi a hannu, doguwa, fara, mai kama da ɗanta sak. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa a hankali tana dubana.

"'Yata, lafiya? Wani abu ya samu mutanen gidan?"

"Lafiya lau suke, Hajiya. Ba su san na zo ba."

Na miƙe na ɗora kwalin a kan akwatin sama. Na ce wannan kayan Shamsu ne, ya sa wa motata makulli ya riƙe mabuɗin ba da sanina ba, har ya kusa jawo ajalina da na Gwaggo Jumai a hanyar nan, na roƙe shi mabuɗin ya hana. Na ce ina son ɗanta, ban zo don raini ba.

"Amma in haka zai riƙe ni, Hajiya, gara kada a wahalar da iyayena mata zuwa Rano."

Matan suka dubi juna. Can cikin zaure na hango Shamsu tsaye da waya a hannu, ya kasa fitowa ya kasa komawa. Na ƙura masa ido. Kalma ɗaya nake jira, wallahi ko da kai ya yi mini alama da na karɓa. Hajiya ma ta juya ta dube shi, ta jira shi, ta ba shi lokaci har ya yi yawa. Ya sunkuyar da kai yana kallon wayarsa.

Hajiya ta ja carbinta ƙwaya ɗaya, ta juya wajen direban bas.

"Malam, sauke akwatunan."

Ni na nema, da bakina. Amma da na ji akwatin farko ya dira ƙasa, sai da na juya baya na dafa motata don kada su ga hawayena.